Busasshen kifi ya kwantar min da yara, ina zan kai ƙara?

Uwar Gida, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna min, yau kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki.

Ranar Talata na aiki ƙanen maigidana kasuwa ya sayo min bandar tarwaɗa ta naira dubu huɗu, wurin mutumin da muka fi shekara shida muna saye a hannunsa. Na jiƙa ta a ruwan zafi kamar kullum, na gyara, na zuba a miyar kuka, muka ci da tuwon shinkafa bayan magariba. Tun ina gyarawa na ji wani ɗan wari kamar na maganin sauro, amma na ɗauka daga ledar ne, ban kawo komai a raina ba.

Ba a jima da yin isha'i ba autata 'yar shekara huɗu ta fara amai, yawu na dalala daga bakinta, gumi ya jiƙe mata riga sharkaf. Yayanta mai shekara tara ya dafe ciki yana murƙususu. Ni kaina jiri nake gani, ƙafafuna na rawa. Maigidan ne kaɗai bai ji komai ba, shi kuma a waje ya ci abinci ranar. Da muka isa asibiti, malamar jinya ta haska idon yarinyar da tocila ta ce ɗigon tsakiyar idon ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero, nan take ta tambaye ni ko muna ajiye maganin ƙwari inda yara za su kai. Na ce wallahi babu. Kwana biyu aka riƙe ta. Alhamdulillahi yanzu tana gida, ta fara wasa.

Da na dawo na buɗe ledar ragowar kifin, guda uku da ban dafa ba. Warin ya doki hancina sosai. Na ajiye ɗaya a bakin rariya na tsaya ina kallo, ko ƙuda bai sauka a kai ba.

Maigidana ya ce tunda Allah ya tsare a bar maganar, mu canza mai kifi kawai. Surukata ta ce mutumin yana da iyali, kada in zama sanadin tashinsa daga kasuwa. Na ji su, ban kuma raina maganarsu ba. Amma kwali guda ne a gabansa ranar, mu guda bakwai muka saya. Sauran gidan wa suka shiga? Wannan ne ya hana ni sukuni.

Tambayata ita ce, wa ke da alhakin irin wannan? NAFDAC ce, hukumar kula da abinci da magunguna, ko 'yan dubagari, ko 'yan sanda? Za su saurare ni alhali ba ni da rasit? Kuma dole ne sai an gaya masa ni ce na kai shi? Ba diyya nake nema ba, so nake a ɗauke sauran kifin daga gaban mutane.

Tsohon Dubagari, Argungu

Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu, Allah ya ƙara wa yaran lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin dubagari kafin in ajiye, saboda haka ki saurare ni da kyau.

Kafin komai, kifin nan guda uku. Ki ɗauko su yanzu, har da na bakin rariyar, ki sa a kwalba mai murfi wadda kika wanke ta bushe, ki ɗaure bakinta tam, ki rubuta ranar da aka saya da wurin da aka saya a takarda ki manna, ki ɗora inda hannun yaro ba zai kai ba. Ledar da aka zubo shi ciki ma kada ki yar. Ina gaggauta ki ne don irin maganin da nake zato, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, mai bin iska ne. Shi ne a cikin maganin ƙwarin nan Sniper, shi ne kuma ake haɗa fiya-fiya da shi. Duk kwanan da kifin ya yi a buɗe, shaidarki raguwa take yi. Alamomin da kika lissafa, yawu da gumi da tsukewar ido cikin ɗan lokaci, sun fi kama da guba irin wannan fiye da ruɓaɓɓen abinci, amma gwaji ne kaɗai zai yanke hukunci, ba ni ba.

Sai ki koma asibitin ki roƙi a rubuta miki abin da suka gani da maganin da suka ba ta. Wannan takardar ta fi rasit ƙarfi. A kasuwa irin tamu wa ke ba da rasit ɗin kifi? Babu jami'in da ya san aikinsa da zai kore ki don rashinsa. Yaron da kika aika shi ne shaidar saye.

To, ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Mutane da yawa da sun ji maganar abinci sai su ce NAFDAC, su tafi can, a ce musu ba nan ba ne, su koma gida da fushi. Aikin a rabe yake. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da mayanka da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci. Saboda haka abin da ake zubawa a tire ko a auna da mudu, kifi ne ko nama ko fura ko ƙosai, ƙofarsa ta farko sashen lafiya ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, wurin jami'an lafiyar muhalli, mu da kuke ce wa dubagari. Idan nama ne, akwai kuma likitan dabbobi da ke duba dabba kafin yanka da bayan yanka. NAFDAC kuwa, wadda aka kafa a 1993, ƙarfinta ya fi a kan abin da aka sarrafa aka rufe, kamar ruwan leda da lemo da madarar gwangwani da magunguna. Sai dai a lamarinki tana da hannu, domin maganin ƙwari ma ita ke yi masa rajista da sa ido a kan sayar da shi, kuma ita ke da ɗakin gwaji, akwai ɗaya a Kaduna. Ƙaramar hukuma ba ta da na'urar da za ta gano guba a jikin kifi. Abin da dubagari ke da shi ido ne da hanci da ikon doka.

Ikon nan kuwa ba kaɗan ba ne. Yana iya shiga rumfa ya duba kaya, ya tsare wanda yake zargi ya hana sayarwa, ya ɗebi samfuri a gaban mai kaya da shaidu, ya rubuta takardar gargaɗi. Idan ta tabbata kayan ba su ciwuwa, a lalata su a binne. Wanda ya taurare a kai shi gaban majistare.

In kin je, kada ki tsaya a kan magana da baki. Ki rubuta ƙorafinki a takarda biyu, ki ba da ɗaya, a sa hannu da kwanan wata a ɗayar ki riƙe. Sannan ki tambayi jami'in sa ido kan cututtuka, ana ce masa DSNO, kowace ƙaramar hukuma tana da shi. Aikinsa shi ne idan mutum biyu ko fiye sun kamu da ciwo iri ɗaya bayan cin abinci ɗaya, ya bincika, ya bi asibitocin gari ya ji ko an kawo wasu, ya aika rahoto ma'aikatar lafiya ta jiha, daga can ya isa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Abuja. Shi ne zai iya amsa miki tambayar da ta hana ki barci, wato gidajen da sauran kifin ya shiga.

Batun suna, ki ce ba kya so a ambace ki. Ni a zamanina ban taɓa shiga rumfa na ce wance ce ta turo ni ba. Sai in fara daga farkon layi in duba kowa har in iso kansa.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin ya yi rauni. Lokacin da muka fara, dubagari na shigowa unguwa mata ke rige-rigen wanke randa, don in ya leƙa ya ga tsutsa ko ɗaya sai an biya tara. Yau jami'an sun yi kaɗan, wani ma ba shi da babur ɗin zagaye. Kina iya zuwa a ce ki dawo gobe. Ki dawo ɗin. Idan aka yi ta yi miki yawo da hankali, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofishi a kowace jiha, aikinta ke nan, jin kukan wanda ma'aikatar gwamnati ta ƙi saurara. Takardar nan mai sa hannu ita za ki nuna musu.

Abin da ya fi ci min rai a shekarun aikina shi ne sau tari sai bayan an yi jana'iza labari ke iso mu, an riga an wanke tukunya, an zubar da ragowa, kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi. Amma na tsaya a gidan da aka rasa yara biyu, ina ji ina gani babu abin da zan ɗauka in kai gwaji, mai kayan kuma yana can yana ci gaba da aunawa.

Ƙarin magana ga duk mai karantawa: idan haka ta faru, kada a tsaya ɗura wa yaro manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A ruga asibiti, a tafi da ragowar abin da aka ci.

Ɗan Kifi, Yauri

Hajiya sannu, Allah shi ba yara lafiya. Baba Dubagari, a gafarce ni, ina da magana kaɗan, don wagga sana'a ita na gada wurin mahaifina.

Ba ni kare wanda ya zuba wa kifi magani, haramun ne kuma zalunci ne. Amma ku san yadda abin ke faruwa. Banda in ba ta bushe ƙarau ba, musamman da damina, kwana kaɗan ƙwaro ke shiga ya cinye naman ya bar maka fata da ƙaya. Kwalin da ka zuba jarinka duka ciki sai ka buɗe ka tarar da gari. Daga nan ne shaiɗan ke shiga, wani ya ce ɗan yayyafa kaɗan, kafin a sayar ya fita. To ba ya fita duka. Akwai ma masu zuba gubar gamalin cikin ruwa kifi ya taso ya mutu su kwashe, waɗannan mu da Sarkawa duk faɗa muke da su, don har 'ya'yan kifin suke kashewa.

Abin da nike so a gane, kifi kafin ya iso tiren mutumin da Hajiya ke saye, ya bi hannu uku ko huɗu. Masunci, mai banda, dillali, mai lodi. Mai yiwuwa ne shi wanga bawan Allah a rufe ya saye shi, bai san abin da aka yi masa a hanya ba. In aka zo da kaki aka kwashe masa kaya gaban jama'a, shi ke nan sunansa ya ɓaci, wanda ya yi aika-aikar kuma yana can bakin ruwa ba abin da ya same shi.

Shawarata, a fara da shugaban 'yan kifi na kasuwar ko sarkin kasuwa. Su sun san motar da ta kawo kayan da dillalin da ya sauke su, abin da jami'i zai yi mako bai gano ba su kafin la'asar sun gano. Mu nan mun taɓa hana wani dillali sauke kaya wata uku kan irin wannan.

Ga masu saye kuma, ku shinshina kafin ku biya, ku karya ɗaya ku duba ciki. Kifin da kuka ga ƙuda na gudunsa, ku ma ku guje shi. Mu da ke tsoron Allah gishiri muke sawa kafin banda, mu sake mai da shi kan wuta duk bayan 'yan kwanaki. Itace ke ci, riba ke raguwa, amma haka iyayenmu suka yi.

Tsohon Dubagari, Argungu

Ɗana na Yauri, maganarka gaskiya ce, kuma na ji daɗi da ka faɗe ta da bakinka. Ban taɓa yin aiki a kasuwa ba tare da na fara gaida sarkin kasuwa ba. Inda na rabu da kai shi ne a tsaya a wurinsu kaɗai. Sulhun 'yan kasuwa yakan ƙare da a ba ta haƙuri a mayar mata da kuɗinta, kwalin kuma a ɗora shi a mota ya tafi kasuwar ƙauye inda ba wanda zai yi magana. Na ga haka ba sau ɗaya ba. A je wurin shugaban 'yan kifi, amma a je tare da jami'i, a tsare kayan tukuna, sannan a bi sawun dillalin. In mai tiren ba shi da laifi, binciken ne zai wanke shi.

Mai Gidan Burodi, Gusau

Hajiya, Allah ya tsare gaba. Baba ya gama magana a kan kayan tire, ni bari in ƙara a kan kayan da aka rufe, tunda ni ana zuwa duba ni, na san yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren.

Kafin a ba ni lambar NAFDAC sai da suka zo suka duba gidan, daga inda muke ajiye fulawa har makewayi da ruwan da muke kwaɓi da shi, suka ɗauki burodi suka kai gwaji. Ma'aikatana kuma ana yi musu gwajin lafiya na masu taɓa abinci lokaci zuwa lokaci, takardun suna nan a ajiye. Babban abin da suke nema a burodi shi ne sinadarin bromet mai kumbura shi, wanda aka haramta tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, da ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008. Da farko ina ganin takura ce. Yanzu da na ga yadda masu zuba shi ke karya mana kasuwa da burodi ƙato mara nauyi, ni ke fatan a riƙa zuwa akai-akai.

Idan abin da ya cutar da mutum na leda ne ko na kwalba ko gwangwani, kada ya yar da mazubin. A jikinsa akwai lambar rajista, da lambar zubin da aka yi shi a ciki, da ranar da aka yi da ranar da zai lalace, da adireshin masana'anta. Da lambar zubin nan ake bin sawu a janye sauran daga kasuwa. A ɗauki hoto, a kai ofishin NAFDAC na jiha, kowace jiha akwai. Wanda kuma yake neman a biya shi asarar da ya yi, wannan aikin FCCPC ne, hukumar kare haƙƙin masu saye da ta gaji tsohuwar hukumar CPC bayan dokar 2018, ana iya shigar musu da ƙorafi ta intanet.

Maganin nan da Baba ya ambata ba ƙaramar ɓarna ya yi mana ba. Saboda shi Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun gwada sun ce ba sa so, mu kuma waken nan shi muke ci a ƙosai da alala. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna, amma kowa ya san bai ɓace ba. Ga buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba, amma sai ka ga mutum ya gwammace kwalbar guba don ta fi araha.

Hajiya, dalilin da ya sa na tsaya na yi wannan dogon rubutu shi ne maganar surukarki. Mu a Zamfara mun san kuɗin shiru. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ana daka dutsen zinariya a cikin gida, ana niƙa shi a injin niƙa, ƙurar na sauka inda yara ke wasa da inda ake girki. Yara na ta sanƙarewa suna mutuwa ana cewa zazzaɓi ne, wasu kuma suna tsoron in an yi magana za a hana su sana'ar da suke ci da ita. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan ƙananan kaburbura sannan aka gano. Haka a Kano a 2021, gurɓataccen ɗan tsami da aka haɗa lemo da shi ya kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suka rasu, kuma rahoton asibitoci ne ya sa aka bi sawun buhunan. Ki gaya wa Inna cikin ladabi cewa mai kifin yana da iyali, masu sayen ma suna da su.

Uwar Gida, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na yi yadda ka ce, kifin yana cikin kwalba tun daren jiya. Na karanta wa maigidan amsoshinku gaba ɗaya, ya yi shiru, can ya ce in shirya da safe shi zai kai ni.

Mun fara biyawa asibiti aka ba mu takardar. A sakatariya mun ɗan jira kafin jami'in ya shigo, amma da ya buɗe kwalbar ya shinshina sai ya mayar da murfin da sauri ya kira abokin aikinsa. Sun karɓi ƙorafin, sun sa hannu a kwafina, sun ɗauki kifi biyu sun bar min ɗaya. Mai sa ido kan cututtukan ya yi min tambayoyi da yawa, ƙarfe nawa muka ci, wa ya fara, wa bai ci ba, ya ce zai kira asibitocin da ke kusa.

Malam na Yauri, na gaya musu maganarka ta dillali, na kuma ce ni ban yi imani mutumin da gangan ya yi ba. Sun ce da shugaban 'yan kifin za su shiga, kuma layin gaba ɗaya za su duba. Ƙanen maigidana ya bi su don ya nuna rumfar daga nesa. Ya dawo yanzu ya ce saura kamar rabin kwalin, an ɗaure shi an kai ofishin kasuwa, mai kifin kuma da kansa ya faɗi sunan wanda ya sauke masa kayan.

Surukata har yanzu ba ta sake min fuska ba. An ce in koma ranar Litinin in ji inda aka kwana game da gwajin.